Ƙullin da Uwani Ta Yanke

Ku matso. Aljani ba sai dare ba, wannan da rana tsaka aka yi shi.

Uwani nas ce a ɓangaren mata na wani asibitin masu taɓin hankali, gajeriya, ga taurin kai kamar na jaki. A can ƙarshen baranda akwai ɗakin da ake keɓe wadda ta tayar da hankali. Ran nan Hassu ce a ciki, mai ɗinkin hula, wadda da yatsunta take ci da 'ya'yanta. Ta fasa taga, ta ciji ma'aikaciya. Mutum huɗu suka danne ta, aka yi mata allura, aka ɗaure hannuwanta a jikin gado da bandeji. Dokar wurin kuwa, ba a kwance mutum sai likita ya sa hannu.

Juma'a ce. Likita ya tafi masallaci, sauran sun fita cin abinci. Uwani ta leƙa ita kaɗai.

Yatsun Hassu sun kumbura, sun yi baƙi. A gefen gadon wata tsohuwa na zaune cikin farin kayan aiki irin na dā, tana jan ƙullin bandejin a hankali, tana ƙara tsuke shi.

"Sannu, Baba. Daga wane ɓangare?" in ji Uwani.

"Na riga ki zuwa nan." Bakin tsohuwar ne ya motsa, amma daga ƙarƙashin gado muryar ta fito.

Uwani ta dubi ƙasa. Ƙafafun tsohuwar bango suke kallo, alhali fuskarta na kallon ƙofa. Tsoro ya kama ta. Ta yi bismilla a zuci.

"Ƙullin ya yi tsauri," in ji Uwani.

"Ba aikinki ba ne. Wadda aka ɗaure aka bari ita kaɗai, tamu ce."

"Wannan tawa ce. A hannuna aka bar ta."

"Ki kwance, ta shaƙe ki. Su kuma su kore ki."

Gaskiya ta faɗa, Uwani ta sani. Amma in ta jira likita, yatsun nan sun gama ɗinki har abada. Ta zaro almakashi daga aljihu.

"Su kore ni ɗin. Matsa, Baba."

Ta yanke na dama, ta yanke na hagu. Ɗakin ya yi sanyi kamar cikin randa. Da ta ɗago, ba kowa a gefen gado.

Hassu ta yi wuf ta damƙe wuyan hannunta. Uwani ba ta ja da baya ba.

"Kin gan ta?" in ji Hassu, murya a dashe. "Kwana uku take bina. Ita nake jifa, ita nake duka. Ina faɗa muku, kuna ƙara mini allura."

Uwani ta zauna tana murza mata yatsu, cike da kunya.

An ba ta takardar gargaɗi, ta karɓa ko a jikinta. Sai dai tun ranar ƙulli ba ya zama a hannunta. Ko bakin buhu ta ɗaure, kafin ta juya ya warware. In za a ɗaure mara lafiya, sai a ce Uwani ta fita, in an gama kuwa ta dawo ta ja kujera ta zauna a gefen gado.

Kada ku bi barandar nan ku kaɗai. In kuma kuka ɗaure mutum kuka tafi, ku sani akwai mai zama a gurbinku.