Tsohuwar Mota a Harabar Asibiti

Bayan isha'i likita ya ce mini yayata ba za ta kai safe ba, in je in ɗauko 'ya'yanta. Ban yi kuka ba, jikina kamar na aro.

Na murɗa makulli, tsohuwar motata ta yi ƙyas, ta yi shiru. Halinta ke nan, yau ta tashi, gobe ta ƙi. Bakanike ya sauya batir, ya wanke fulogi, bai gano ciwon ba.

Sai wani dattijo ya ƙwanƙwasa gilashi. "Buɗe gaban, ɗana."

Na buɗe. Ya sunkuya cikin injin, ba tocila, ba sifana. Wani sanyi ya shigo mai warin ƙasar da aka tona yanzu.

"Kan batir ne, Baba?"

"Lafiyarta ƙalau. Murɗa."

Nan take ta tashi. Fitilu suka haske bango. Yana tsaye a gabansu, amma babu inuwarsa.

"Kar ka yi gudu, ɗana," in ji shi. "Yayarka ta riga ta cika."

Amma daga kujerar baya muryarsa ta fito.