Angon da Ya Ƙi Kare Kansa

"Ni ina da magana!"

Daga layin 'yan kwaya, mawaƙan coci, muryar ta fito, cocin ya yi tsit.

Becky ta waiga da sauri. Lahadi ta uku ke nan ana sanar da aurenta da Sam, kuma ta ƙarshe. Katikis Joseph, mai taimaka wa Fada, bai ko ninke takardar ba, yanzu ya gama karanta abin da aka saba: duk wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure ya fito ya faɗa. Magana ce ta cika ƙa'ida. Tun da aka kafa Ikilisiyar Waliyyi Yusufu Ma'aikaci a bakin garin Wurno, ba a taɓa samun wanda ya amsa ta ba.

Sai yau, Elisabatu ta miƙe.

Ita ce shugabar kwaya, malamar makaranta a Rabah. Ikilisiyar kuwa 'yar ƙarama ce, malamai ne da nas-nas da ma'aikatan gwamnati da aiki ya kwaso daga jihohi daban-daban, wasu daga Goronyo suke zuwa Misa, wasu daga Achida. Wuri irin wannan ba a ɓoye komai. Kowa ya san shekara uku Elisabatu tana aika wa Sam abinci, shi kuma yana mayar da kwano a wanke da godiya, ba ƙari.

"Fada, a duba wannan," ta ce, ta ɗaga wayarta. "Angon namu yana da wani gida a Kwargaba. Ga shi da hula da riga a ƙofar masallaci. Ga shi kuma da 'yar gidan!"

Becky ta juya ta dubi Sam.

Tashi kawai take so ya yi, ya ce ƙarya ne...

Bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona mata rai, duk mazan da ke zaune kusa da shi su ma suka sunkuyar, kamar an haɗa baki.

Fada ya ce a zauna, za a ji zancen a ofis bayan Misa.

A ofis ɗin su biyar ne: Fada, Katikis, Sam, Becky, sai Mama, mahaifiyar Becky, da ta taso tun daga Zonkwa don shirin biki. Saura kwana goma sha ɗaya, ranar ɗaya ga Mayu, ranar bikin waliyyin ikilisiya, ita aka tsayar.

Becky ta karɓi wayar Elisabatu daga hannun Fada. Shi ne, ba tantama. Ga shi zaune a kan tabarma da wata tsohuwar hula. A hoto na biyu wata kyakkyawar budurwa tana miƙa masa ƙwarya, yana dariya har haƙoransa a waje. Sam ɗin da sai ta yi da gaske take samun murmushinsa!

"Samuel, kai ne wannan?" in ji Fada.

"Ni ne, Fada."

"Me kake yi a can?"

Sam ya dubi ƙasa.

"Sam..." in ji Becky. "Masoyina, dube ni. Kalma ɗaya kawai. Ko me ka faɗa zan yarda."

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ban ci amanarki ba, Becky. Ban kuma bar addinina ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"To me ya kai ka?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Fada ya dube shi ya daɗe, sannan ya mayar da ido kan silin kamar yau ya fara ganinsa. Katikis kuwa takalminsa ya tsura wa ido.

Mama ta buga cinya ta miƙe. "Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Yaro daga Zuru, ba uwa ba uba, ba wani babba da zai tsaya masa! Kika ce mini shiru-shiru ne, mai hankali ne. To ga shirun nan kin gani. Tashi mu tafi, ban haifi 'yar da za a yi wa wannan wulaƙanci ba."

"Mama, a yi haƙuri," Fada ya ce a hankali. "Hoto ba hujja ba ne. Amma ni ma ba zan ɗaura aure amarya na da shakka a zuciya ba. Becky, ki je ki yi tunani. Ran Laraba ki zo ki faɗa mini, a yi ko a fasa."

Ranar Becky ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Wata goma ke nan da aka turo ta asibiti a Wurno, ba ta san kowa ba. Cocin nan ne ya zame mata gida. Matan zumunta na cocin suka samo mata ɗaki, suka koya mata cin kasuwa da Sakkwatanci, Sam kuma, malamin koyar da aikin katako, ya zo ya gyara mata taga bai ce mata uffan ba. Shirun nan nasa ta so. Yau kuma shi ne yake neman kashe ta.

Litinin da hantsi tana zaune ido a kumbure, ta ji ƙarar babur a ƙofa. Katikis Joseph ne.

"Baba, in lallashi ka zo yi, ka bari."

"Ni ban zo da magana ba, 'yata. Bakina a ɗaure yake." Ya daki tankin babur ɗin. "Amma babur ɗina ba a ɗaure yake ba, kuma akwai mai a ciki."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin da Mama ke haɗa kaya. Ta jawo gyalenta ta hau.

Kai tsaye ya nufi Kwargaba da ita. A ƙofar wani gidan ƙasa ya tsaya, warin albasa ya cika wurin, ga ta nan an baza a inuwa tana shan iska. Wata budurwa ta fito da tulu.

Ita ce. Ta cikin hoton.

Becky ta sauka daga babur. Ta shirya maganganu masu zafi tun a hanya, amma kafin ta buɗe baki yarinyar ta dire tulun ta yi tsalle.

"Inna! Inna, hito ki gani! Wallahi amaryar Malam Sama'ila ta! Ita ta cikin waya tai!"

"Wane ne Sama'ila?" Becky ta tambaya a daburce.

"Malam Sam mana. Baba na bai iya hwaɗin sunan ba, shi yam mai da shi Sama'ila. Ni Adawiyya. Kullum sai ya gwada muna hotonki, har mun gaji!"

Wata dattijuwa, Inna Asabe, ta fito ta kama hannun Becky biyu ta ja ta zaure. A can wani tsoho ke zaune, ƙafarsa ɗaya a miƙe, sandunan dogarawa biyu na katako a gefensa, an goge su sumul.

"Lalle marhabin da ɗiyata," in ji tsohon, Baba Mu'azu. "Mi yas sami idonki?"

Nan fa hawaye suka ƙwace mata. Ta faɗa musu komai, har hular, har ƙwaryar.

Tsohon ya yi salati ya riƙe baki.

"Wanga yaro! Ashe bai hwaɗa maki ba? Zamna ki jiya. Bara amalanke tak kihe da ni, ƙugu yak karye. Ɗiyana huɗu, duk mata. Muna nan ba mu san yadda za mu yi da damana ba, sai ga wanga bawan Allah da guduma, wai ƙyauren zaure yaz zo gyarawa. Nic ce wa ya aiko ka? Yac ce aiko shi anka yi. Da yag gama sai yat tambayi ina gona. Tun rannan, ɗiyata, Asabat ba ta wuce ba bai zo ba. Shi yan noma gero, shi yad dasa albasa, shi ka ban ruwa. Sandunan ga shi yas sassaƙa su."

"To... hular fa, Baba?"

Inna Asabe ta ƙyalƙyale da dariya. "Cikin laka yaf faɗa wurin ban ruwa, kaca-kaca! Munka wanke mai tufa, munka ba shi na Malam."

"Masallaci ko ni yaka rakawa," in ji tsohon. "Shi kai ni bakin ƙofa, shi zamna waje har in sallame. Bai taɓa ce man komi kan addinina ba, ban taɓa ce mai komi kan nashi ba."

"Ni ko bayan Sallah za a yi bikina da Habibullahi," Adawiyya ta sa baki tana rufe fuska. "Gadon ma Malam Sama'ila na yay yi man."

Becky ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Ta juya wajen Katikis da ke tsaye a bakin zaure.

"Baba, kun sani?"

"Tunda idonki ya gani, bakina ya kwance." Ya zauna a dakali. "Kin zo bayan bikin bara, shi ya sa ba ki sani ba. Waliyyi Yusufu kafinta ne. Ki bincika Linjila kaf, ba za ki sami kalma ɗaya da ya faɗa ba, aiki kawai ya yi. To duk ranar bikinsa, tsofaffin matan zumunta sukan rubuta sunayen gidajen da ke cikin matsi, na Kirista da na Musulmi, a zuba a ƙwarya gaban bagade, wato teburin ibada. Kowane namiji ya ɗauki ɗaya, ya yi alkawari zai yi wa gidan aiki ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Wanda ya gane ma ba ya faɗa. Abin da ya kafa mu a garin nan ke nan."

"Shi ne kuka zuba ido aurena zai mutu?"

Katikis ya sosa ƙeya. "Gaskiya jiya mun ji jiki."

"Elisabatu ta san da wannan?"

"Shekararta shida a cikinmu."

Wato ta san ba zai iya kare kansa ba.

"Ina yake?"

Bayan gida ta same shi, a saman wani rumbun albasa da yake ɗaurawa da kara, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Mutumin da aurensa ke rawa, wai nan ya taho! Yana ganinta igiyar ta suɓuce masa. Ya diro.

"Becky..."

"Kar ka ce komai, ai ka iya." Ta daki ƙirjinsa da hannu biyu tana kuka. "Da na ce a fasa fa? Da Laraba ta yi na ce a fasa, haka za ka bar ni in tafi?"

"Jiya ban runtsa ba," ya ce. "Na yi ta roƙon Allah ya nuna miki da kansa. Na ga in na karya alkawarin da na yi a gaban bagade don in same ki, da wane baki zan yi miki wani a wurin?"

Ta tsaya tana kallonsa. Haushi na nan, amma wani abu mai sanyi ya danne shi.

"Na gode wa Allah da ya ba ni kai," ta ce. "Amma ka ji da kyau, rabin raina. Shirun nan ka ajiye wa waliyyi. A gidana magana za ka riƙa yi!"

Ya yi dariya, irin ta cikin hoton.

Saura Mama. Becky tana tunanin ta inda za ta ɓullo mata, sai ta ga Baba Mu'azu ya sa an ɗauko masa babbar riga.

"Malam, da wagga ƙahwa?" in ji Inna Asabe.

"Ko da ja-da-gindi ne sai na tai."

A mota aka kai shi Wurno. Mama na ganin dattijo da sanduna ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa, fuska dai a ɗaure. Ya kwashe labari ya faɗa mata tas, sannan ya ce:

"An ce man kin ce yaron ga bai da babba. To ga ni. Addininmu ba guda ba, amma abin da yay yi man, ɗan cikina sai haka. Ni na uba nai. Na zo roƙon ki ba ɗana ɗiyarki."

Mama ta dubi sandunan tsohon. Can ta ja bakin zani ta share ido.

"Baba, ka fi ƙarfina. Na ba shi." Ta harari Sam da ke durƙushe. "Kai kuma, ko 'yar alama ba ka iya yi wa mutum ba?"

Ran Laraba Becky ta je ta ba Fada amsa. A bakin ofis ta tarar da Elisabatu tana jiranta, ta rame a kwana uku.

"Ki yafe mini, Becky. Kishi ne ya rufe mini ido."

Becky ta so ta wuce, amma ta kasa. "Kin so ki raba mu, sai kika nuna mini wanda zan aura. Na yafe. Ki zo ki ja mana waƙa."

Ranar ɗaya ga Mayu cocin ya cika har waje. Mutanen Goronyo da Rabah sun zo, ga kuma mota guda daga Kwargaba da buhunan albasa na gudummawa. An kafa musu rumfa a gindin dogonyaro daidai taga, Baba Mu'azu a kujerar gaba, ta uban ango.

Fada ya juya wajen Sam. "Samuel, ka yarda ka ɗauki Rebeka ta zama matarka, cikin daɗi da wuya, har mutuwa ta raba ku?"

"Na yarda!"

Yadda ya ɗaga murya har makirufo sai da ya yi ƙara. Daga waje aka jiyo tsohon yana buga sandarsa a ƙasa.

"Allahu Akbar! Ashe ɗan nau na da murya!"

Coci ya ɗauki dariya da guɗa, ciki da waje. Becky tana dariya hawaye na zuba, ta damƙe hannun mijinta da aiki ya sa wa kanta, ta ɗaga ido sama.

"Na gode," ta ce a hankali. "Ya Ubangiji, na gode."