Allon Baba

Ranar da Auta ta shiga shagon mai fenti, wani katako ne riƙe a hannunta.

"Zane nake so," ta ce, idonta a ƙasa. "Babana ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Magana ta ɗauke, karatu ma ya gagara. Amma in na yi masa alama ɗaya, yakan gane kalmar sukutum."

Ta nuna masa nata zanen a littafinta: layuka masu lanƙwasa, ruwa ke nan. Da'ira, eh. Gicciye, a'a.

"Wannan akuyar fa?"

"Kujera ce!"

Ya yi dariya har fenti ya ɗiga a takalminsa. Ita ma ta rufe baki da littafinta.

Allo ɗaya aka ce, amma kullum sai Mai Fenti ya tuno kalmar da ta rage. Yau ya zo gida ya ƙara shayi, gobe rediyo, jibi tauraro, wai alamar Auta ke nan.

"Wannan allo ya fi ginin bene cin lokaci," in ji Gwaggo, wadda tuni ta yi wa Auta sha'awar mai kemis na bakin titi.

Ranar da Mai Fenti ya kawo maganar aure, Baba ya ɗaga hannun hagu ya dangwala a'a, har allon ya girgiza.

"Ban faɗa ba?" Gwaggo ta gyara zama. "Mai kemis yake so."

Auta ta shige ɗaki tana hawaye. Can saƙon Mai Fenti ya shigo wayarta: "Tauraruwata, share hawayenki. Mun ba shi eh da a'a, ba mu ba shi hanyar faɗin dalili ba. Laifina ne."

Ta mayar: "In ya sake ƙi fa?"

"Sai in yi ta zuwa har fenti ya ƙare a duniya."

Washegari ya kawo farin allo da alli, ya durƙusa, ya miƙa wa Baba. Da ƙyar tsohon ya zana kujerarsa, ya zana tauraro a gefenta. Sai ya sa yatsa ya goge tauraron. Kujera ta saura ita kaɗai.

"Wayyo Baba," Auta ta ce, "tsoro kake in tafi in bar ka?"

"Baba, ba ɗaukar ta na zo yi ba," in ji Mai Fenti. "Ɗakin gefen nan zan kama haya. Ƙaruwa za ka yi da ɗa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗora yatsa a kan da'ira.

"To mai kemis fa, Yaya?" Gwaggo ta tambaya.

Baba ya dangwala rediyo, wato a kunna, surutu ya isa.

Ranar ɗaurin aure, ango da amarya suka tsugunna a gaban Baba. Ya ture allon gefe, ya dafa kan wannan, ya dafa kan wancan. Gidan duka ya amsa: "Amin! Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba."