Ɗigon Bula a Garkar Alhaji Chindo

A bakin darnin garka Muttaƙa ya fara ganinta, a kwarin Badaguishiri. Yana feshin maganin haki da famfo a albasar babansa, ita kuma ta ɗaga wani ƙyalle sama tana kallon inda yake kaɗawa.

"Baiwar Allah, mi kike nema a sama?"

"Iska nike aunawa," in ji Hanifa, ko dariya ba ta yi ba. Karatu take a Yamai, a kan yadda iska ke ɗaukar ɗigon ruwa. Daga ranar ya raɗa mata suna Mai Ɗigo, ita ko ta ce masa Sarkin Famfo. Kafin albasa ta ƙosa, soyayya ta yi nisa.

Sai tumatir ɗin Alhaji Chindo, mahaifinta, ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Garkarsa tana jikin ta Malam Badamasi, uban Muttaƙa. Alhaji kuwa in ya hau dokin zuciya sai Allah. Ya rantse da gangan aka fesa masa maganin haki, ya ce ba shi ba da ɗiya ga gidan mahassada. Har ya fara zancen aurar da ita ga Yasir, wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, a Konni.

Muttaƙa ya turo saƙo: "Mai Ɗigona, wallahi ban tsallake darni ba. In kika yarda da ni, ya ishe ni."

Ta amsa: "Ni na yarda, Sarkina. Baba ya rage."

Ta duƙufa a kan kwamfutarta, tana lissafin inda iska ta kai maganin. Ita ba ta yanka iska gida-gida kamar raga, yadda wasu ke lissafi. Kowane ɗigo, kowane guntun iska, ƙwaya ce mai tafiyarta, tana turin maƙwabtanta. Da ta gama, sai ga shi ƙiri-ƙiri: iskar hantsi na hawa darni, ta yi juyi, ta zube maganin a tsakiyar tumatir.

Alhaji ya leƙa, ya taɓe baki. "Wasan yara ne."

"Baba, a gwada da bula. In ban faɗi daidai ba, na haƙura da Muttaƙa." Ta faɗi haka ne duk da tana sonsa ba kaɗan ba.

Da hantsi ta shimfiɗa farin zane inda lissafi ya nuna. Muttaƙa ya cika famfo da ruwan bula, ya yi feshi can cikin albasarsu, bai ko matso darni ba. Sannu-sannu zanen ya soma yin shuɗi.

Alhaji ya daɗe tsugune yana shafa zanen. Da ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya zagaya garkar maƙwabcinsa da ƙafarsa.

"Badamasi, na zalunce ka. Ka turo magabatanku."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kan ɗiyarsa, idonsa ya cika. "Allah shi yi muku albarka, Hanifa. Kin hana ni mutuwa da haƙƙin maƙwabci."