Takardar Zuwa Yamai

Taƙaitaccen bayani: a shekarar 1937, Illo mutumin Kiyeshe ya nemi auren Sa'a, ɗiyar Sallau mai gishiri na Dogon Dutsi. An ɗaura auren a 1940. Abin da ya shiga tsakani shi ne birnin Yamai.

A kasuwa suka fara ganin juna. Illo ya kawo igiyar kaba, Sa'a tana auna gishirin ubanta. Kafin la'asar ya sayi gishiri sau uku.

"Kai kuwa, miyar gidanku ta mutum nawa ce?" in ji ta.

"Ta mutum biyu ce, in kin yarda."

Ta rufe fuska da gefen zane, amma ba ta ce a'a ba.

Sallau ya taɓa kwana biyu a Yamai, kuma tun daga lokacin gangar jikinsa kaɗai ta dawo gida. Kullum zancensa faɗin kogi, farin gidan gwamna, da ranar can wadda, a cewarsa, ta fi ta Arewa tsabta. Da aka kai masa maganar Illo, ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda bai taɓa ganin Yamai ba. Habu gardi, ɗan sandan Nasara, wanda shi ma yake neman Sa'a, ya je sau huɗu.

Illo ya nufi biro, ofishin Nasara, neman takardar tafiya. Habu, cikin kirki, ya nuna masa wani layin maza, ya ce masu zuwa Yamai ne, a mota, kyauta. Illo ya shiga, har ya yi godiya. A tarihin wannan biro, shi kaɗai ya kawo kansa aikin dole da ƙafarsa.

Bayan shekara guda wani direba ya kawo wasiƙa:

"Sanyin idona, ina gaisuwa. Yamai tana nan yadda Baba ya faɗa. Kullum ina ganin gidan gwamna. Ina cin abinci. Kada ki damu."

Sallau ya sa aka karanta ta a rumfa gaban jama'a. Sa'a kuwa ta ɗauka birnin ya cinye Illo kamar yadda ya cinye ubanta. Ta yi kuka, ta jira wata shekarar, sannan ta aika:

"Illo, Habu ya kawo goro. Na ce a jira kaka. Kaka biyu ke nan ina faɗin haka. Ba ni da ta uku."

Illo ya gudu, ya taka ƙasa kwana goma sha ɗaya. Ya durƙusa gaban Sallau, hannunsa na dama cikin riga.

"Baba, na ga Yamai."

"Madalla. Ka ga kogin?"

"Na ɗebo shi a kai, wata talatin."

Sannan ya fito da hannun. Sallau ya dube shi, ya ce a sa ranar aure.

Sa'a ta same shi a zaure. "Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Malamin masu tsaronmu ne ya rubuta wasiƙar, Sa'ata. Gaisuwar ce kaɗai tawa."

Aka ɗaura aure bayan girbi, liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, kuma an samu duka biyun.

Abin da tafiyar ta ci: shekara uku, yatsu biyu, gonar gero da ta koma daji, da mahaifiyar Illo, wadda aka binne ba ya nan.