Bencin Adawiyya da Busola

Risikat tana tsugune a tsakar gida tana gyaran attaruhu, mahaifiyarta na ninke atamfofin da za ta fita da su kasuwa, sai ga sallamar Jalo daga ƙofar gida. Daga jin muryarsa ta san ba lafiya ba, domin Jalo in ya zo zance dariyarsa ce take riga shi isowa. Ta yafa mayafi ta fita.

"Dada ta cire Adawiyya daga makaranta," ya ce, ko gaisawa ba su yi ba.

"Ta cire ta? Ana saura 'yan watanni jarrabawar shiga sakandare?"

"Jiya ta ji ta tana wanke ƙwarya tana rera waƙar Yarbanci. Ta ce kin fara da ɗanta, yanzu kin koma kan 'yarta."

Risikat haifaffiyar Azare ce, iyayenta Yarbawa 'yan kasuwa, kuma ita ce malamar aji shida a wata firamaren gwamnati da ke bayan kasuwa. Jalo kuwa malamin dabbobi ne, Bafulatanin Udubo, wanda ya dawo da mahaifiyarsa Dada da autarsu Adawiyya gari bayan rasuwar babansu. Tun ranar da ya ambaci auren Risikat, Dada ta kafe a kan magana ɗaya: gobe za ta kwashe mata jikoki ta yi Kudu da su. Kudun da ita Risikat ɗin in ta je biki har tsokanarta ake yi da Bahaushiya!

Laifin Risikat na biyu a wurin Dada, a aji ta yi shi. Da ta karɓi ajin, ta tarar yara sun raba kansu kamar rumfunan kasuwa: 'ya'yan Hausawa a gaba, na Yarbawa da Ibo ta wajen taga, na Fulani da Barebari can baya sun yi tsit. Malamai sun daɗe da yanke hukuncin cewa na baya ba sa ja. Risikat ta wargaza zaman, ta gauraya kowane benci. Adawiyya ta faɗa tsakanin Busola da Ya Gana. Ashe yarinyar da ake kira daƙiƙiya lissafi a ka take yin sa, Turanci ne kawai ya ɗaure mata baki, Busola kuma ga Turanci zar amma lissafi sai addu'a. Kafin zango ya ƙare, bencin nan ya zama abin kwatance.

Washegari Risikat ta hau keke napep ta tafi gidan su Jalo. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Dada, aka amsa mata ana kallon bango.

"Dada, don Allah ki mayar da Adawiyya. Yarinyar nan Allah ya ba ta kai."

"Malama, 'ya'ya biyu gare ni a duniya. Ba zan ba ki duka ba."

Risikat tana son Jalo so na gaskiya, kuma ta san abin da za ta faɗa zai ƙona ta.

"To Dada, ki bar min Adawiyya. Na haƙura da Jalo."

Jalo da ke bakin ƙofa ya zabura. "Risi, kin san me kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Kai ka riga ka yi karatunka. Ita in ta fita yanzu, ta fita ke nan."

Dada ta juyo ta dube ta a karon farko. Da safe Adawiyya ta dawo bencinta.

Risikat ta cika alkawari, ko wayarsa ta daina ɗauka. Kuka kam ta sha shi, har mahaifiyarta ta gaji ta ce, "Kin sayar da miji kin sayi ɗiyar wasu, wannan wane irin ciniki ne?" Da safe dai Risikat ta wanke fuska ta shiga aji, bayan an tashi ta zauna da yaran a gindin darbejiya suna lesin kyauta. Jalo ma ya rame, ya daina dariya, kuma duk 'yan matan da Dada ta nuna masa sai ya ce sai ya yi shawara.

Da sakamako ya fito, makarantar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, domin kusan duk ajin ya ci. Aka shirya ranar ba da kyaututtuka, iyaye suka cika filin. Adawiyya ta yi ta naci har Dada ta zo, ta zauna can ƙarshe da lulluɓinta.

Hedimasta ya fara kira: Chima, Husaina, Ya Gana, Busola. Kowane suna, sai guɗa ta tashi daga wani ɓangare daban. Daga nan ya gyara murya ya ce ta ɗaya, Adawiyya. Risikat ta ji ƙirjinta ya cika da alfahari har hawaye suka zubo mata.

Bayan an tashi, Adawiyya ta jawo ƙawarta ta kawo gaban mahaifiyarta. Busola ta durƙusa ta gaida Dada da Fillanci, tiryan-tiryan, har da tambayar shanun Udubo. Dada ta saki baki.

"Wa ya koya miki?"

"Adawiyya ce, Dada. Ni ina koya mata Turanci, ita tana koya min lissafi da Fillanci."

Dada ta daɗe tana kallon yaran biyu. Ita duk tsoronta a ƙwace mata 'ya, ashe 'yarta ma ta shiga gidan wasu da harshen iyayenta. Ta miƙe ta ratsa taron har inda Risikat take tattara kujeru.

"Malama, da gaske ko wayarsa ba kya ɗauka?"

"Na yi miki alkawari, Dada."

Dada ta kama hannunta. "Wadda ta bar abin da take so saboda 'yata ba za ta raba ni da jikokina ba. Ki yafe min, 'yata. Ki ce wa babanki baffannin Jalo suna nan tafe."

Bayan damina aka ɗaura aure, aka ci tuwo da amala a tabarma ɗaya. Haƙurin da aka yi domin alheri Allah ba ya barin sa ya tafi a banza, kuma mutum da halinsa ake auna shi, ba da garin kakanninsa ba. Yanzu in Dada ta shiga kasuwa, da kanta take tare mutane tana cewa, "Kun san malamar aji shida? Surukata ce."