Rumbun da Aka Sa a Gaba

Ana gab da tashi cin abincin rana aka bugo wa Sufeto Maree Tolhurst waya. An tsinci gawa a gindin matakalar baya, a wata cibiyar kwamfuta da ke yi wa asibitoci aiki a Hobart.

Mamacin Gavin Pascoe ne, mai kula da babbar na'urar cibiyar. Wuyansa ya karye, aljihun rigarsa a yage.

"Santsi ne ya kwashe shi," in ji manajan wurin, Mista Rowbottom, yana sharce gumi duk da sanyin da ake yi.

"Santsi yana yaga aljihu? Yaushe rabonka da shi?"

"Tun jiya."

"Sakatariyarka ta ce da safen nan ta ji shi yana ɗaga murya a ofishinka."

Manajan ya nemi kujera ya zauna.

"Sufeto, na'urar nan in za ta yi aiki, rumbunan ajiyar bayanai take bi ɗaya bayan ɗaya tana neman manhaja. Wadda ta fara samu, ita take ɗauka. Gavin ya gano wani ya sauya tsarin, ya sa rumbun gwaji a gaban na ainihi. Manhajar da ke ciki, suna ɗaya, hali daban."

"Manhajar me?"

"Mai zaɓar wanda za a yi wa dashen ƙoda. Na ce wa Gavin ya ja bakinsa zuwa Litinin. 'Yan jarida nake tsoro."

"Wa ke da ikon taɓa tsarin?"

"Shi da Lindsay Threlfall. Amma haba, Sufeto! Tun suna samari tare suke zuwa kamun kifi."

Lindsay dattijo ne siriri. Ta same shi a teburinsa, shayi ya huce a gabansa.

"Ina kake lokacin da ya faɗo?"

"Na tsallaka titi sayen abinci."

Ta tsallaka ita ma. Mai kantin ya ce yau ko ƙeyar Lindsay bai gani ba.

Daga nan ta wuce gidansa a Moonah. Matarsa Noeleen tana shanya a bayan gida, tana 'yar waƙa. Ba ta ji labarin Gavin ba tukuna.

"Kin ganni nan? Watan jiya ko tawul ba na iya ɗagawa," in ji ta. "Wankin ƙoda ya cinye ni. Likita ya ce sai na daɗe ina jiran dashe, sai kawai ga waya wai an samo mini ƙoda. Na ce wa tsohon nan nawa, kai da ba ka taɓa cin ko caca ba, ga sa'a ta zo gidanka!"

Sufeto ta kasa taya ta dariya.

Ta koma cibiyar, ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da Lindsay.

"Na ga Noeleen. Ta samu lafiya."

Ya kalli hannayensa.

"Ina kallo tana ƙarewa," ya ce. "Ban taɓa manhajar ainihi ba. Tawa na rubuta, na ajiye a rumbun gwaji, na sa na'urar ta fara leƙawa can. Na yi niyyar mayar da komai, sai Gavin ya riga ni gani."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce wani direban bas a Burnie, mai yara ƙanana, shi ya kamata a dasa wa ƙodar. An binne shi makon jiya. Ya ce, 'Lindsay, ba zan iya rufa maka wannan ba.' Na bi shi matakala, na riƙe rigarsa ina roƙo. Ya fizge, ya faɗa."

"Ka kira motar asibiti?"

"Na leƙa. Yana motsi." Ya runtse ido. "Na dawo na zauna."

Sufeto ta miƙe, ta gaya masa an kama shi. Ta hana kofur ɗin da ke tare da ita sa masa ankwa. Ma'aikata suka yi cirko-cirko, ba mai iya kallon wani.

A bakin mota ya tsaya.

"Sufeto, za su cire mata?"

"Ba wanda zai cire mata."

"Amma za ta san ta wane ne."

"Za ta sani."

Ya sunkuyar da kai, ya shiga.